Ku Dakata da Jana'izar Faifan Nan, Yana Numfashi

Na san halinku. Tun daga kan rubutun nan wasu sun taɓe baki suna cewa, "Malam ya zo da surutunsa, faifai in ya mutu ai ya mutu." To ku gyara zama, musamman Zagezagi, domin da ɗan'uwanku abin ya faru, kuma kun san Bakano ba ya barin irin wannan garaɓasa ta wuce shi.

Ranar wata Asabar taubashina ya taso daga Zariya, ya dire kwamfutar tebur a zaurena kamar wanda ya kawo gawa. Ya ce, "Taubashi, ta rasu. Mai gyara ya ce sai fomatin, in ta ƙi a sayi sabon had-dis." A cikin faifan akwai hotunan bikin 'yarsa da lissafin shagonsa na shekara uku. Na kunna ta, allo ya yi shuɗi, ya nuna lambar 0x0000007B, ta koma ta sake tashi. Na tambaye shi ko ta taɓa yin wani ƙorafi. Ya ce babu, sai dai wata biyu ke nan kullum da safe tana neman ya danna F1, agogonta kuma ba ya tafiya daidai. Kun ji Bazazzagi! Mara lafiya yana nishi wata biyu, shi yana cewa lafiya lau.

Kafin Windows ta farka, akwai wata 'yar manhaja a jikin madabod da ake kira Bayos. Aikinta irin na ɗan kamasho ne a tasha: ta ƙirga wanda ya zo, ta faɗi motar da ke kan layi. Saitin da aka yi mata da agogon kwamfutar kuwa, a irin waɗannan injina, wani ɗan batiri ne mai siffar kwabo yake riƙe su, CR2032, mai ƙarfin bolt 3. In ya ƙare, ɗan kamasho ya manta komai, ya koma kan saitin da ya fito da shi daga kamfani.

Na ji mai gardama daga baya yana cewa, "Ina ruwan batirin agogo da faifai?" Sannu, Malam, ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Bayos ce ke zaɓar yaren da za a yi magana da faifai: IDE, ko AHCI, ko RAID. Windows ɗin taubashina da AHCI aka ɗora ta. Da batiri ya mutu sai saitin ya koma RAID, Windows ta miƙa hannu ta nemi faifanta, aka amsa mata da yaren da ba ta shirya masa ba, ta faɗi sumammiya. Na sa sabon batiri wanda kuɗinsa bai kai na tsiren dare ba, na shiga Bayos, na gyara kwanan wata, na mayar da saitin AHCI. Sai ga amarya a allo tana murmushi. Taubashi ya buɗe baki har ƙuda ya yi niyyar shiga.

Wani kuma zai ce, "Ai tamu ba shuɗin allo take yi ba, cewa take ba ta ga faifai ba sam." Kai ma shiga Bayos ɗin, ba ta cizo. Da ka kunna, ka yi ta danna F2 in Dell ce, F10 in HP ce, F1 in ThinkPad ce, yawancin na tebur kuwa Del. In ka ga sunan faifan a jere, yana raye. Duba layin tashi, wataƙila filashin da ka bari a jiki aka sa a gaba. Duba kuma ko an juya daga UEFI zuwa Legasi, domin Windows ɗin da aka ɗora a faifai mai tsarin GPT ta UEFI take tashi, ta tsohon tsarin MBR kuwa, wanda ba ya wuce terabait 2, ta Legasi. Windows 11 da ta fito a 2021 ma UEFI take nema, da TPM 2.0.

In sunan bai fito ba, kashe, zare wayar wuta, ka buɗe murfi. Wayoyi biyu ne ke shiga faifan SATA: siririya mai haƙora 7 ta bayanai, da mai faɗi mai haƙora 15 ta wuta. Ƙurar hunturu da jijjigar hanya suna sassauta su. Zare, hure, mayar, ko ka gwada wata wayar.

Yanzu bari in ba ku naku, kada ku ce na cinye gardamar ni kaɗai. Faifai yana mutuwa. Abin da ke juyi sau 5400 ko 7200 a minti ɗaya dole wata rana ya gaji. In ka ji yana ƙas-ƙas-ƙas kamar agogon bango, ko kwamfuta ta nuna gargaɗin SMART, maganar Bayos ta ƙare. Mai gargaɗi ka kwashe kayanka tun yana buɗuwa, mai ƙara kuwa ka kashe shi ka kai wa ƙwararre. Kada ka mare shi kamar tsohuwar rediyo, kada ka sa shi a firiza don wani ya ce ya gani a intanet. Masu ƙaiƙayin hannu kuma, ku ɗauki hoton saitin da waya kafin ku taɓa komai. Kada ku soma sabunta Bayos a gidan da wuta ke ƙiftawa, domin in ta ɗauke a tsakiyar aiki, madabod ɗin na iya ƙin tashi gaba ɗaya, an yi gyaran gangar Auzinawa.

Taubashi ya koma Zariya da kwamfutarsa, kuma na ji labarin yana gaya wa mutane shi ya gano matsalar. Na yafe masa, amma har yau ina binsa bashin godiya. Ku kuwa masu taɓe baki, duk ranar da aka ce muku sai fomatin, ku ce a fara nuna muku Bayos. Hotunan biki da lissafin shago kuma, ku kwafe su a wani wuri tun yau.