Yaƙi da Tumbi a Babban Giji: Nazari Kan Wani Ɗaga Ƙarfe da Bai Yi Albarka Ba

Tumbi, wato kitsen da yake taruwa a gaban cikin mutum har ya riƙa riga shi shiga ɗaki, ya daɗe da samun daraja a Kano, domin jama'a suna ɗaukarsa shaidar hutu da wadata, babbar riga kuma tana rufa masa asiri. Likitoci ba su amince da wannan karramawa ba, saboda kitsen ciki yana da alaƙa da ciwon suga da hawan jini, kuma a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya namijin da ƙugunsa ya wuce santimita 94 ya fara shiga haɗari, wanda ya haura 102 kuwa nasa ya yi tsanani. Mazauna Babban Giji da Gyaɗi-Gyaɗi, a Ƙaramar Hukumar Tarauni, ba su da uzurin rashin sani, tunda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, yana nan kan titin Zariya kusa da su.

Ƙa'idar rage kitse ba ta da tsawo. Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci yake bai wa jiki, kuma kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kimanin kalori 7,700, waɗanda ba sa tafiya sai mutum ya ƙona fiye da abin da ya ci. Ɗaga ƙarfe yana gina tsoka, amma tsokar ba ta fitowa fili sai kitsen da ya lulluɓe ta ya ragu, jiki kuwa ba ya cire kitse daga wurin da mai shi ya nuna masa.

Mai wannan rubutu, magidanci ne a Babban Giji, ya san duk wannan a takarda lokacin da ya nufi wani kango inda samari suke ɗaga ƙarfe da yamma. Kayan aikin wurin su ne ƙarafa biyu, babba da ƙarami, kowanne sanda ce da aka soka cikin gwangwanayen fenti biyu cike da siminti, waɗanda babu mahalukin da ya san nauyinsu, sai wani bencin katako mai ƙafa uku da bulo. Mai horarwa ya ce masa, "Alhaji, a fara da ƙaramin," amma da yake 'yan sakandare suna kallo, sai ya kwanta ƙarƙashin babban. Ƙarfen ya sauko lafiya, ya ƙi komawa, ya gangara ya zauna a kan tumbin, wanda a ranar ya yi amfaninsa na farko ta hanyar kare haƙarƙari. Samari biyu suka ɗage shi suna cewa, "Sannu, Baba," kalmar da ta fi simintin yi masa ciwo.

Masana sun tabbatar cewa tsamin jiki na sabon shiga yakan kai ƙololuwa tsakanin awa 24 da 72, kuma marubucin ya gaskata su a masallacin unguwa, inda ruku'u ya gagare shi ya yi salla a zaune, dattawa suka bi shi gida suna yi masa ya jiki.

Sai dai a wajen abinci aka yi babban artabu. Furotin, sinadarin da jiki yake gina tsoka da shi, ana son mai ɗaga ƙarfe ya sami kimanin giram 1.6 nasa a kan kowane kilo na nauyinsa kullum, wato giram 144 ga mai kilo 90, alhali ƙwai ɗaya giram 6 kacal yake bayarwa. Da uwargida ta ji lissafin ya kai ƙwai 24 a yini, sai ta tambaya, "Maigida, kajin wa za mu sata?" Aka koma wa wake da awara, masu araha da furotin, amma awara sai an soya, babban cokalin mai guda kuma kalori 120 ne. Ga mai shayi da ya kafa teburinsa dab da ƙofar kangon, inda Indomie biyu kaɗai suke haura kalori 600, kafin a zo ga ƙwai da shayi mai kauri, abin da ya zarce duk wahalar da aka sha a kan benci. Marubucin ya kuma daina cin tuwon dare, da labarin ya kai kunnen suruka, ta yanke hukuncin cewa ko karayar arziki ce ko 'yarta ce ba ta iya girki ba, ta fara aiko da funkaso da miyar taushe, kuma har yau ba a haifi surukin da zai mayar da kwanon suruka a cike ba.

Sakamakon shi ne damtse ya ɗan tasa, tumbi bai matsa ko'ina ba, tela kuma ya ƙara wa wando da hannun riga faɗi a lokaci guda. Saboda haka ana roƙon masu shayin Tarauni, don girman Allah, su matsar da teburansu nesa da wuraren ɗaga ƙarfe.