Kowa da Fatawarsa a Kan Titi

Dokar ba ta da wuyar haddacewa: kada a tsaya a kan gada, ko a kwana, ko a kan tudun da ba a hango gaba, ko a mahaɗa, ko a ƙofar asibiti. Tun 1988 da aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ake nanata ta. Duk direban da ke bin hanyar Yauri zuwa Warra ya san ta sarai. Sai dai kowa da fatawar da ta halatta masa.

Akwai Malam Yanzun-nan. Ranar kasuwar Warra zai toshe mashigar da motarsa, ya kunna sigina biyu, ya ce bandar kifi kawai zai karɓo. A ganinsa muddin fitilun nan na ƙyaftawa, motar ba a tsaye take ba, tunani take yi. Ciniki kuwa da Basarke ba ya ƙarewa kafin azahar.

Sai masu zumunci, waɗanda na fi jin tsoro. Ɗaya ya fito daga Shanga, ɗaya daga Ngaski, suka haɗu a tsakiyar kwalta. Kowa ya taka burki, ya sauke gilashi. “A'a, Alhaji! Ina gajiya? Ya iyali? Ya ruwa bana?” Daga nan a gangara kan farashin albasa, a yi ta'aziyyar wanda ya rasu bara, a tambayi ko tafkin Kainji ya fara ja da baya. In ka matsa oda, su juyo su dube ka duka biyun, da mamakin wanda bai san darajar gaisuwa ba. Wani ma ya ce, “Haba ɗan'uwa, sauri ya haifi nawa?” Kai ne kuma za ka ba da haƙuri.

Mai ganye direban tirela ne a babbar hanyar Kwantagora zuwa Jega. Motarsa ba ta taɓa lalacewa a miƙaƙƙen wuri, sai a kwana. Alamar nan ja mai kusurwa uku da doka ta ce ya ajiye, ba shi da ita, amma yaron motarsa na da adda. In an gama gyara su tashi, su bar wa masu tafiyar dare rassa da duwatsun waigi gado.

Mai lodi kuwa hannu yake bi. Ko ƙuda kake kora a bakin gada, zai ci burki ya ce, “Baba, Yauri ne? Saura mutum ɗaya.”

Ga kuma yallaɓai, wanda ke neman inuwa ko da a ƙofar asibiti take. Maigadi ya matso a ladabce: “Ranka ya daɗe, nan motar marasa lafiya ke shiga.” Ya dube shi sama da ƙasa, ya kulle motar, ya ce in ta zo a kira shi, yana ciki. Lambar wayar ce dai bai bari ba.