Sarkin Tsayuwa na Zazzau, Ina Manhajar?

Bazazzage bawan Kanawa, ashe sarauta ka samu ba ka aiko mana da goro ba? An ce ka yi kwas na kwana biyu, an ba ka satifiket, yanzu ko gaisuwa ba ka amsawa sai an ce Sikiram Masta. Allah ya ja zamanin Sarkin Tsayuwa! Na taya ka murna har zuci. Tausayina yana wurin yaran nan masu rubuta manhaja da Allah ya jarrabe su da kai.

Zo in koya maka tarihin sana'arka, tunda karantar da Zage-zagi gadonmu ne. A watan Fabrairun 2001 mutum 17 suka haɗu a Snowbird, cikin duwatsun jihar Yuta ta Amurka. Sun gaji da tsarin da ake shekara ana rubuta takardu, a ƙara shekara ana gini, ranar miƙa kaya mai aiki ya ce ba haka yake nufi ba. Suka fitar da sanarwar Ajayil mai manufofi 4 da ƙa'idoji 12. Ƙashin bayanta shi ne manhaja mai aiki ta fi tulin takardu, kuma mutane da hirarsu sun fi tsari da kayan aiki. Kai kuwa ka rungume tsarin, ka kori mutanen.

Ɗauki taron safe da ake yi a tsaye. Ken Schwaber da Jeff Sutherland, waɗanda suka gabatar da tsarin Sikiram a 1995, minti 15 suka yanka masa, kuma na masu rubuta manhajar ne, su daidaita aikin yini su watse. Naka fa? An ce kana farawa da hantsi, ladan ne kaɗai ke ceton jama'a da kiran azahar. Kai ke tambaya, kai ke amsawa, kai ke yaba amsar. Ba laifinka ba ne, ɗan'uwa. Bazazzage ya ga mutane a tsaye, dole ya ɗauka lacca suka zo ji, jinin Samaru ne.

Sai allon Kanban. A masana'antar Toyota ta Japan abin ya samo asali, ƙarƙashin Taiichi Ohno, kuma sirrinsa a taƙaita aikin da ke hannu: a gama ɗaya kafin a jawo wani. Allonka ya cika da 'yan takardu masu launi kamar bayan motar kamfe, duka sun cunkushe a layin "ana kai", layin "an gama" kuwa fayau. Amma gaskiya rubutun hannunka na da kyau, wannan ko maƙiyinka ya sallama.

Zangon aiki ma, wanda dokar Sikiram ta ce kada ya wuce wata guda, a ƙarshensa a nuna abin da ke aiki, naka ya ga azumi ya ga babbar salla. Alhajin Kantin Kwari da ya ba ku kwangilar manhajar lissafin shago ya zo ganin kaya, ka nuna masa jadawali mai gangarowa. Bawan Allah ya tambayi nawa ya sayar jiya, ka ce masa saurin tawaga ya ƙaru! A zaman waiwaye kuma, inda kowa zai faɗi abin da ya cije don a gyara, da yaro ya buɗe baki sai ka ce a ajiye maganar zuwa zango na gaba. Ai sun sani, kai ne abin da ya cije.

Kada ka kumbura, Malam Sitika, ƙwaƙwalwa kam kana da ita, tara jama'a ne ya fi maka daɗi. Ga shawarar ubangidanka kyauta, kuma ka san Bakano ba ya ba da kyauta sau biyu. Ka zaɓi abu ɗaya ƙarami, ko da shafin shigar da cinikin yini ne. Ku gama shi cikin mako biyu, ku damƙa wa Alhaji ya latsa da yatsansa, ya kushe, ku gyara. Ka rufe bakinka a taron safe, ka je ka samo wa yara data da man janareta, don aikin Sikiram Masta ke nan, kawar da abin da ya tare hanya.

In ka yi haka, tsiren Juma'a a wuyana yake. In kuma ka ƙi, ka kawo satifiket ɗin mu naɗe tsiren da shi. Ina jiran martaninka, amma kada ya wuce minti 15.