Mujiya Mai Ido Huɗu

Da dare aka san mujiya, shi ya sa ban kawo ta a raina ba ranar da ƙananan tsuntsaye suka cika darbejiyar gidanmu da kururuwa da rana tsaka. Uwargida ta ce, "Malam, maciji ne, je ka duba." Na ɗauki gora ina takun jarumai, yara na biye da ni daga nesa.

A kan reshe sai ga wata 'yar tsuntsuwa mai ƙaton kai, ba ta fi dunƙulen hannu ba, ta kafe ni da baƙaƙen idanu, ko ƙiftawa babu. Na daka mata tsawa. Sai kan nan ya juya, wasu idanun biyu, rawaya, suka zubo mini. Ido huɗu a kai ɗaya! Gora ta yi gabas, takalmi ya yi yamma, ni kuwa sai tsundum cikin bahon wanki.

Kafin la'asar labari ya karaɗe unguwa. Idanun sun zama bakwai, har akwai wanda ya ji ta kira sunana. Maƙwabta na ta shigowa jaje, gida ya turnuƙe da hayaƙin habbatussauda.

Ɗan ƙanina mai karatun dabbobi a jami'a ya zo ya leƙa, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Baffa, ai ƙeyarta ka yi wa tsawa. Baƙaƙen nan zanen gashi ne, masana na ganin don maƙiyi ya zaci ana kallonsa ne."

Ya ce sunanta a kimiyyance Glaucidium perlatum, tana nan a dazuzzukan Afirka kudu da Sahara. Tsawonta kamar santimita 20, bayanta ruwan ƙasa da fararen ɗigo-ɗigo, kuma ba ta da tukkun nan mai kama da kunne na wasu mujiyoyi. Kukanta fito ne mai hawa sama. Ƙwai 2 zuwa 4 take sakawa a ramin da maƙwaƙwafi ya fafe a itace. Tana farauta har da rana: fara, ƙadangaru, ɓeraye da ƙananan tsuntsaye, abin da ya sa suke yi mata taron dangi.

Na ce, "To sunana da ta kira fa?" Ya ce, "Wannan kuma sai a tambayi mai kunnen."

Saboda haka jama'a, in kun gan ta kada ku jefe ta, ɓeraye take rage muku. Wanda kuma ya matsu sai ya yi mata tsawa, ya fara tabbatar da ina ne gabanta.