Wasiƙa Zuwa Ga Hular Kwano

Hajiya Hular Kwano, ranki ya daɗe,

Ina gajiya, ina zaman rataye? Na ce rataye domin jiya ma a hannun babur na hango ki kina lilo, mai babur ɗin kuwa ya karya zanna-bukar ɗinsa gefe guda yana sheƙa gudu. Sai da ya hango jami'ai a shataletale ya tuna da zumuncin da ke tsakaninku.

Haƙuri na rubuto in ba ki a madadin 'yan'uwana. Kin tuna 1 ga Janairun 2009, ranar da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta ce ɗan acaɓa da fasinjansa kowa sai ya sa ki? Kafin a ce kwabo mun yi miki kishiyoyi. Wani ya kifa ƙwarya ya ɗaure da igiya a haɓa, wani bokitin fenti. Ƙwaryar da in ta suɓuce daga kan mai tallar nono take rabewa biyu, ita aka ba gadin ƙwaƙwalwar magidanci mai 'ya'ya bakwai!

Sai ƙazafi ya biyo baya. Aka ce kina rabon ƙwarƙwata. Aka ce ana yi miki asiri, fasinja na sa ki zai bi mai babur kamar raƙumi da akala. Mata suka ce kina rusa musu ɗaurin ɗankwali. Zargi ɗaya ne ba zan kare ki a kai ba, wato zafi. Wanda ya sa ki da azahar a watan Afrilu ya san abin da dambu ke ji a cikin madambaci.

Amma na ji lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023: hanya na cinye mutum kusan miliyan 1.19 duk shekara, kuma babu cutar da ta kai ta ɗaukar masu shekara 5 zuwa 29. Da annoba ce da tuni an rufe makarantu, an raba takunkumi. Ke kuma, in aka ɗaure ki daidai, kina rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa har zuwa kashi 74 cikin ɗari. Wane maganin gargajiya ne ya taɓa kawo wannan sakamako ba a sa masa lasifika a kasuwa ba?

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne asalinki. Ke fa jikar kwalkwali ce. Har gobe 'yan lifida na fitowa da shi a hawan salla, muna tafa musu. Kakanninmu sun rufe kawunansu kafin su hau doki, babu wanda ya ce musu ragwaye ko ya ce tawakkalinsu da sauƙi. Mu da muke hawa abin da ya fi doki gudu, a kan kwalta, da mata da goyo a baya da akuya a tsakiya, mu ne muke cewa kwana in ya ƙare ya ƙare. Ƙafa in ta karye akwai mai ɗori a unguwa, akwai Asibitin Ƙashi na Dala. Har yau ina cigiyar mai ɗorin ƙwaƙwalwa.

Alfarma ɗaya nake nema. Ki roƙi masu ƙera ki su ƙara miki tagogin shan iska, sannan a kai ki Maiduguri a yi miki aikin kube. Na san mutanena: in kika dace da shadda, har ɗaurin aure za a je da ke.

Naki,
Wani mai kai ɗaya tal