Sabon Batir Ya Shigo, Sanyi Ya Yi Ƙaura

A ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan batirin mota ba ya mutuwa shi kaɗai, sai ya ja wani sun tafi tare, kuma galibi esi yake ja. Alhaji ya sha turi har yaran unguwa sun fara ɓuya in sun ji yana buɗe gareji. Ya daure ya sayar da masara ya sayo sabon batir. Mota ta tashi da makulli ɗaya, kowa ya yi barka. Sai ya danna maɓallin sanyi, ga shi ana tsakiyar watan Afrilu, iska ta feso masa kamar ya leƙa tukunyar masu dafa mazarƙwaila.

Daga nan shari'a ta koma majalisa. Wanda ya taɓa yin yaron mota a layin Zariya zuwa Kano ya ce gas ne ya ƙare. Malamin firamare, wanda bai taɓa mallakar abin da ya wuce babur ba, ya rantse kwamfireso ne. Wani dattijo ya gyara zama ya ce shi dai a ganinsa baki ne, don tun da Alhaji ya sayi motar nan yake wuce mutane gilas a rufe, ko hannu ba ya ɗagawa. Aka yi ta har aka kira la'asar. Duk taron nan babu wanda ya tambayi abin da aka taɓa a motar jiya, alhali da yawansu suna tsaye aka ɗaura batirin, har da masu ba da umarnin a ƙara ɗaurewa.

Ra'ayin gas ne ke cin zaɓe kullum, don mu a wurinmu duk abin da ke cikin mota ƙarewa yake yi. To gas ɗin esi ba fetur ba ne, ba ƙona shi ake yi ba. Zagayawa yake a cikin rufaffen bututu, daga kwamfireso ya je ya dawo. Yawancin motocin da ke hannunmu R134a suke sha, wanda ya gaji R12 a shekarun 1990 bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987. In ya ragu, to akwai inda yake yoyo, kuma ba zai zaɓi daren da aka sauya batir ya tsiyaye gaba ɗaya ba. Amma je ka gaya wa mai gas haka. Kafin ka gama faka mota ya girgiza kai: "Ranka ya daɗe, ai ko ɗigo babu." Ya ɗura gwangwani a kan wanda ke ciki, matsi ya yi yawa, na'urar da ke tsaron matsi ta yanke kwamfireso. Alhaji ya zo da ciwo ɗaya, ya biya kuɗi ya koma da biyu. An bar jaki ana dukan taiki.

Jakin kuwa yana nan ƙarƙashin bonet. Ƙa'idar sauya batir ita ce a fara cire kan da ke da alamar ragewa, kuma shi za a mayar a ƙarshe. Yaron shago da ogansa ya tafi cin abinci bai san da wannan ba. Sifana ta haɗa ƙarfe biyu, ko ya ɗora kawunan a juye na ɗan lokaci, tartsatsi ya tashi, ya waiga ya ga ba wanda ya lura, ya ci gaba da aikinsa. Fis ya riga ya ƙone a madadin kayan tsada, wanda dama aikinsa ke nan. A murfin akwatin fis akwai taswirar da ke nuna na esi da rile ɗinsa, in dai murfin bai ɓace ba tun motar tana Kwatano. Wani lokaci kuma kan batirin ne bai ɗauru ba, don an buga shi da dutse an cusa ƙusa a gefe. Lafiyayyen batir yana nuna kusan volt 12.6 in mota na kashe, ya haura zuwa wajen 14 in inji na aiki. Wutar da ke rawa ba ta riƙe kwamfireso.

Akwai kuma ciwon mantuwa. Tsohuwar Peugeot 504, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun daga 1975, ba ta da ƙwaƙwalwa balle ta manta wani abu. Na yanzu kuwa da zarar an yanke musu wuta sai birenbos ya manta yadda ya saba riƙe sulo, musamman in ƙurar hunturu ta daskare a maƙogwaron totur. Shi ya sa in an kunna esi sai inji ya yi kakari ya mutu. A wasu motocin ƙananan ƙofofin da ke raba iska mai zafi da mai sanyi a bayan dashbod ne ke rasa inda suka tsaya, sai sun sake laluben wurinsu. Sau da yawa maganin bai wuce a wanke maƙogwaron ba, a bar mota tana sulo na wasu mintoci ba a taɓa komai, sannan a kunna esi a bar ta ta saba da nauyin.

Nan fa ake yin ta, domin maganin nan ba shi da tsada, mu kuma ba mu yarda da magani mai arha ba. Ka ce wa Alhaji fis ne, sai ya dube ka sama da ƙasa. "Fis? Wannan motar? Ka san nawa na saye ta?" Ciwon motar babban mutum dole ya zama babba, wanda za a iya ba da labarinsa a wurin ɗaurin aure. Gara a ce kwamfireso ya buga, an aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna a nemo na Beljiyam. Bakanike ma ya gane haka, shi ya sa ba ya ɓata wa mai kuɗi rai da gaskiya. In kuma aka faɗa hannun rewaya mai gaggawa, zai gano fis ɗin sarai, sai dai a maimakon sabo zai murɗa silin waya ko takardar kwalin taba ya cusa, ya ce wannan har abada ba zai ƙone ba. Bai yi ƙarya ba. Wayoyin motar ne za su ƙone a madadinsa.

Kafin kaya su iso daga Kano, ga biki a Hunkuyi. Sauke gilas kuwa daidai yake da sanya sanƙira ya yi shelar cewa esi ya mutu. Haka za a kama hanya a rufe ruf, Alhaji cikin shadda mai sitati, zufa na bin hula tana sauka a gemu, yana murmushi yana ɗaga wa masu rake hannu, tun da dattijo ya yi gargaɗi. Hajiya daga baya tana fifita da katin gayyata: "Alhaji, don girman Allah sauke gilas, yaran nan za su suma." Shi kuwa ba ya ko waigowa: "Yi haƙuri mu wuce tasha."

A ƙarshe, bayan an ɗaura sabon kwamfireso, wani almajirin gareji ne, wanda ba a ko tambayi sunansa ba, ya zare fis ya ɗaga shi a rana ya ga ya tsinke, ya sa wani. Sanyi ya dawo. Aka ba shi na goro, aka yaba wa sabon kwamfireso.

Kada ka zaci yanzu iyali za su sha sanyi. Tun 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin fetur, esi ya zama kayan fita kunya. Daga Ikara har Tashar Yari maɓallin a kashe yake, kuma an gargaɗi yara cewa duk wanda ya taɓa shi zai ƙarasa a ƙafa. Sai an hango rumfar biki ake kunnawa, don in Alhaji ya sauke gilas zai gaisa, sanyin ya bugi fuskar mai gaisuwar. Da an yi sallama an sha kwana, sai ya taɓa kafaɗar babban ɗansa da ke tuƙi: "Kashe, kashe, mun wuce su."