Tayil A Sama, Rigima A Ƙasa

Wani kawuna a Kankiya ya kwashe wata uku yana zaɓen tayil. Sau biyu yana shiga motar Kano don kawai ya je Ƙofar Ruwa ya tsuguna gaban kwalaye, yana ƙwanƙwasa tayil da mukulli kamar mai zaɓen kankana. Filin da za a shimfiɗa tayil ɗin a kai kuwa, tsakanin La'asar da Magariba aka ƙare cinikinsa. Dillali ya tattare babbar riga, ya yi taku talatin da 'yan kai, ya ce, "Alhaji, daga aduwar nan zuwa shurin can, hamsin a ɗari ne cif." Aka rubuta takarda a gaban shaidu, aka raba goro, dillali ya karɓi la'ada. Bayan shekara aduwa ta shiga murhun wani, shuri kuma damina ta yi gaba da shi.

Da can iyayenmu mata ke aikin daɓen ɗaki. A yi gayya, a zuba tsakuwa, a yayyafa ruwan makuba, a kama madaɓi ana waƙa har daɓe ya yi sulɓi. Ladansu fura da tuwo. Yanzu amarya ba ta tarewa sai ta ga fuskarta a ƙasa, don haka mai tayil ya zama saraki.

Kawu ya rantse ba zai ba ɗan gida aiki ba, wai sai 'yan Kwatano, su ne hannunsu ke da layi. Da ya ji kuɗinsu, kishin gari ya motsa masa nan take. Aka kawo wani gwani daga wajen Kusada, wanda shaidar ƙwarewarsa hotuna ne a waya, har da wani falo da na tabbata na taɓa gani a fim ɗin Indiya. Ya karɓi kafin alƙalami ranar Asabar. Litinin aka yi masa rasuwa, Laraba aka yi masa haihuwa, mako na zagayowa wayarsa ta faɗa rijiya. Da ya bayyana, ya leƙa ɗaki ɗaya ya ce kwali goma. Kowane kwalin mai sittin-sittin guda huɗu ne a ciki, bai kai mita ɗaya da rabi ba, amma wa zai yi lissafi a gaban gwani? Aka kai tsakiyar falo kaya suka ƙare. Da aka koma Kano irinsa ya yanke, sai aka ciko da ƙanensa. Falon Kawu yanzu launi biyu ne, yana gaya wa baƙi haka ake yayi a Dubai. Banɗaki kuwa, ruwa ya yi gaba da rariya, ƙofa ya fi so.

Ana cikin haka Kawu ya kira ni, tunda ni ne ɗan bokon dangi.

"Kai, wai tayil ma sai da izinin hukuma?"

Na ce a'a Kawu, tayil ba ruwan kowa da shi. Amma ginin kansa, in a cikin gari yake, ana son a kai zane hukumar tsara birane ta sa hannu kafin a haƙa tushe. Na ƙara da cewa tun dokar filaye ta 1978, ƙasar jiha amana ce a hannun gwamna. Shi ke ba da shaidar mallaka a birni, a karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da ta gargajiya. Takardar dillali shaidar ciniki ce, ba ta nuna inda fili ya tsaya. Wannan aikin safiyo ne, shi zai auna, ya kafa duwatsun siminti a kusurwa huɗu, ya fitar da taswira.

Kawu ya yi shiru, sannan ya ce, "Gwamnan ya san aduwar?"

Da na faɗi abin da safiyo zai iya karɓa, ya yi salati, ya ce ai wannan kuɗin kwalaye ne masu yawa. Kuma dutsen safiyo wa zai gani? Ba a taɓa jin 'yan kai amarya sun rangaɗa guɗa don taswira ta yi kyau ba. Nan dai na san ya kayar da ni.

Bayan ƙaramar Salla magadan maƙwabcinsa suka zo rabon gado, su tara, da nasu safiyon da na'urarsa mai ƙafa uku. Ya leƙa, ya rubuta, ya sake leƙawa, aka ja igiya. Ta shiga ta tagar falo ta fita ta banɗaki. Layi biyu na tayil suka faɗa gado, kuma daga ɓangaren mai kyaun, na farkon nan da aka ƙwanƙwasa da mukulli.

Maganar tana gaban mai unguwa. Kawu ya ce shi bai ƙi a sasanta ba, amma duk wanda zai taka layi biyun nan, ko magaji ne, sai ya cire takalmi. Jiya kuma ya aiko a tambaye ni ko tayil yana ɓamɓaruwa ba tare da ya fashe ba. Na kira gwanin Kusada in ji ta bakinsa, aka ce an yi masa rasuwa.